Agnostik: Tarihin mutanen da suka ce 'ba mu sani ba' game da samuwar Allah

A watan Satumbar 1860, wani yaro mai suna Noel, wanda bai cika shekara huɗu ba, ya kamu da zazzaɓi mai fesar da ƙuraje a gidansu da ke birnin Landan. Cikin 'yan kwanaki rai ya yi halinsa.

Mahaifinsa, Thomas Henry Huxley, masanin halittun dabbobi ne mai shekara 35, wanda sunansa ya fara karaɗe Ingila saboda yadda yake kare ra'ayin Charles Darwin kan asalin halittu. Noel ne ɗansa na fari.

Cikin waɗanda suka yi masa ta'aziyya akwai wani limamin coci kuma marubuci, Charles Kingsley, wanda ya aika masa wasiƙa yana kwantar masa da hankali da batun rayuwa bayan mutuwa.

Huxley ya amsa da doguwar wasiƙa. Ya gode wa limamin, sannan ya shaida masa cewa shi bai musanta rayuwa bayan mutuwa ba, bai kuma tabbatar da ita ba. Bai ga hujjar da za ta sa ya gaskata ba, ba shi kuma da hanyar ƙaryatawa. Ya ce ko a cikin wannan raɗaɗi ba zai karɓi abin da bai gamsu da shi ba don kawai zai sanyaya masa zuciya.

A wancan lokaci wannan matsayi ba shi da suna a Turanci. Bayan shekara tara, Huxley da kansa ya raɗa masa suna: agnostik.

Yau kalmar tana yawo a muhawarorin shafukan sada zumunta, kuma sau da yawa ana cakuɗa ta da ilhadi, wato musanta samuwar Allah, ko kuma da waswasin da kan bijiro wa mai imani. Abubuwa uku ne daban-daban, kuma kowanne da hukuncinsa a wajen masana falsafa da malaman addini.

Yadda aka ƙirƙiro kalmar

A shekarar 1869 aka kafa wata ƙungiyar muhawara a Landan mai suna Metaphysical Society. Mambobinta manyan mutane ne masu ra'ayoyin da ba sa ga-maciji: akwai Firaministan Birtaniya na lokacin William Gladstone, da shugaban Katolikan Ingila Henry Manning, da mawaƙi Alfred Tennyson, da masana kimiyya irin su Huxley. Sukan ci abinci tare, sannan su yi ta musu kan rai da mutuwa da samuwar Ubangiji.

Huxley ya bayyana daga baya cewa ya lura kowa a zauren yana da laƙabin da yake amsawa. Wannan mai imani ne, wancan mulhidi, wani kuma yana ganin duniya da Ubangiji abu guda ne. Duk da saɓaninsu, abu ɗaya ya haɗa su: kowa yana jin ya gano bakin zaren. Shi kuwa ya tabbata bai gano ba, har yana zaton zaren ba zai ganu ba.

Sai ya koma harshen Girkanci. Kalmar "gnosis" tana nufin sani. A tarihin Kiristanci na farko an yi wasu ƙungiyoyi da ake kira Gnostik, masu iƙirarin suna da wani ɓoyayyen sani game da gaibu. Huxley ya ƙara harafin "a" a farkon kalmar, wanda a Girkanci yake kore ma'ana. Agnostik ke nan: wanda bai sani ba.

A wata maƙala da ya rubuta a 1889, Huxley ya nace cewa abin da yake nufi hanyar bincike ce, wadda ba ta da wata aƙida da ake haddacewa. Ƙa'idar ita ce mutum ya bi hankalinsa iyakar inda zai kai shi, kuma kada ya yi iƙirarin yaƙini kan abin da bai iya kafa wa hujja ba.

Bambancinsa da mulhidi

Misalin duban wata zai sauƙaƙa fahimta. A daren 29 ga wata mutane suka fita bayan gari. Na farko ya ce ya ga jinjirin wata. Na biyu ya ce babu wata a sama yau. Na uku ya ce hazo ya rufe, don haka ba zai ce akwai ba, ba zai ce babu ba. Na huɗu kuma ya ce daga wannan wuri, da irin idanun da muke da su, babu wanda zai taɓa iya gani.

Na farko shi ne mai imani, na biyu mulhidi. Na uku da na huɗu duk agnostik ne, amma ba iri ɗaya ba.

Masana falsafa sukan kira matsayin na uku mai sassauci: yana cewa shi dai bai sani ba zuwa yanzu, amma ƙofa a buɗe take. Na huɗu shi ne mai tsauri, domin magana yake yi a kan dukkan 'yan Adam, cewa hankalinsu ba zai taɓa kaiwa ga amsar ba. Wani masanin Ingila na zamanin Huxley, Herbert Spencer, ya karkata nan. Ya yarda akwai wani iko a bayan duk abin da ake gani, amma ya ce ba abin da za a iya sani ba ne.

Tushen bambancin shi ne tambayoyi biyu da ake yawan haɗewa: "Ka yarda?" da "Ka sani?" Mulhidi yana amsa ta farko ne da a'a. Agnostik kuwa ta biyu yake amsawa.

Shi kansa Darwin, wanda mutane da yawa ke ɗauka uban mulhidai, ya rubuta a wata wasiƙa a 1879 cewa bai taɓa zama mai musanta samuwar Ubangiji ba, kuma kalmar agnostik ce ta fi dacewa da halin da zuciyarsa take ciki. Shi ma ya binne 'yarsa Annie mai shekara 10 a 1851.

Wani lokaci iyakar takan yi siriri. Masanin lissafi da falsafa Bertrand Russell ya kira kansa agnostik a muhawarar da ya yi da limamin Katolika Frederick Copleston a gidan rediyon BBC a 1948. Amma ya taɓa bayyana cewa wannan sunan na gaban masana falsafa ne. Idan da mutumin kan titi yake magana, zai ce masa shi mulhidi ne, saboda a aikace ba ya rayuwa kamar mai jiran amsa.

Ra'ayin ya girmi sunan

Fiye da shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani malamin Girka mai suna Protagoras ya ce ba shi da hanyar sanin ko allolin da mutanensa ke bauta wa suna nan ko ba sa nan. Ya kawo dalilai biyu: duhun al'amarin da kuma gajartar rayuwar ɗan Adam.

Malaman tauhidi na Musulunci ma sun san masu irin wannan magana tun ƙarnoni da dama kafin Huxley. A sharhin da Sa'aduddin Taftazani, wanda ya rayu a ƙarni na 14, ya yi wa littafin aƙida na Imam Nasafi, an kasa masu shakkar ilimi kashi uku. Akwai Inadiyya, masu musanta cewa abubuwa suna da wata haƙiƙa. Akwai Indiyya, masu cewa gaskiya ita ce abin da kowa ya ɗauka a wajensa. Sai La'adriyya, daga kalmar Larabci "la adri", wato ban sani ba. Su waɗannan suna shakkar komai, har da shakkar tasu.

Da wannan kalma ta La'adriyya ce Larabawan yau suke fassara agnostik. Sai dai akwai tazara tsakanin na da da na yanzu. La'adriyyan da malaman tauhidi suka yi wa raddi ba su yarda ana iya sanin komai ba, ko da zafin wuta ne. Huxley kuwa ya amince da kimiyya da abin da gwaji ya tabbatar. Gaibu kaɗai ya ce ba shi da ma'aunin auna shi.

Faɗin "ban sani ba" a kan kansa ba aibi ba ne a al'adar malanta. An ruwaito cewa an taɓa yi wa Imam Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da "la adri". Har gobe malami a zaure yakan rufe fatawa da "Allahu a'alamu". Amma rashin sanin Imam Malik a kan rassan fiƙihu ne, kuma jingina sani ga Allah ya ƙunshi tabbatar da samuwarSa tun farko. Agnostik ya ɗauki kalmar ya kai ta kan tushen.

Shakka a cikin gidan imani

Rukuni na uku da ake cakuɗawa da agnostik shi ne mai imanin da tambaya ta dame shi.

Imam Ghazali, wanda aka haifa a 1058 ya rasu a 1111, ya ba da labarin kansa a littafinsa Al-Munƙizu minad Dalal. Ya ce ya fara tuhumar gaɓɓansa: ido yana ganin inuwa a tsaye alhali tafiya take yi, yana ganin tauraro ƙarami kamar dinari alhali lissafi ya nuna girmansa ya wuce tunani. Da ya koma ga hankali, sai ya tuna mai mafarki ma yana gaskata abin da yake gani har sai ya farka. Me zai hana a ce akwai wata farkawa da za ta ƙaryata hankali?

Ya shafe kusan wata biyu a wannan hali. A cewarsa, ba jera hujjoji ne ya fitar da shi ba, wani haske ne da Allah Ya jefa a zuciyarsa. Abin lura shi ne shakkar Ghazali a kan hanyoyin samun ilimi take. A littafin ya bayyana cewa imaninsa da Allah da annabci da Ranar Lahira ya kafu daram a zuciyarsa.

A Sahihu Muslim akwai hadisin da wasu Sahabbai suka koka wa Annabi Muhammad (SAW) cewa sukan ji wasu tunani a ransu da suke jin nauyin furtawa. Ya nuna musu cewa jin nauyin nan shi kansa alamar imani ne. Daga nan malamai suka bambanta waswasi, wanda yake zuwa ba da son mutum ba kuma yake ƙyamarsa, da shakkar da mutum ya zauna a kanta ya mayar da ita matsayinsa. Ta farko ba ta fitar da mutum daga imani. Ta biyu kuwa, a wajen malaman aƙida, ba ta haɗuwa da imani, domin imani yana buƙatar sakankancewa.

A Kiristanci akwai labarin Toma, almajirin da Linjilar Yahaya ta ce ya ƙi gaskata tashin Yesu sai ya gani da idonsa. A zamanin nan kuma, wasiƙun Mother Teresa da aka wallafa a 2007, shekara 10 bayan mutuwarta, sun nuna ta shafe shekaru masu yawa tana jin duhu da nisa daga Ubangiji, alhali tana ci gaba da ibada da hidimar marasa galihu a birnin Kolkata na Indiya.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya kira kansa agnostik. Wanda ya ɗauki waswasinsa a matsayin fita daga addini yana iya jefa kansa cikin ƙuncin da addinin bai ɗora masa ba.

Inda aka raba gari

Ainihin saɓanin da ke tsakanin agnostik da mai imani yana kan tambaya ɗaya: me ake kira hujja?

Malaman addini ba su yarda cewa hankali ya gaza a nan ba. Littafin Ummul Barahin na Shaihu Sanusi, malamin Tilimsan a Aljeriya da ya rasu a 1490, wanda aka daɗe ana karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya gina bayaninsa a kan dalilin hankali: duniya fararriya ce, kuma duk fararre yana buƙatar wanda ya farar da shi. A 1870, shekara guda bayan Huxley ya ƙirƙiro kalmarsa, babban taron Cocin Katolika a Vatican ya zartar cewa ana iya sanin Ubangiji da yaƙini ta hanyar hankali, daga duban halittunSa.

Masu ɗaya ra'ayin sukan jingina da Immanuel Kant, masanin falsafar Jamus, wanda a 1781 ya yi bayanin cewa hankali zalla ba zai iya tabbatar da samuwar Ubangiji ba, ba zai kuma iya kore ta ba, saboda batun ya wuce iyakar abin da gaɓɓai ke riska. Kant ɗin bai bar imani ba. Ya ce ɗabi'a ta gari ce take buƙatarsa.

Muhawarar ta fi zafi tsakanin mutum biyu. A 1877 William Clifford, masanin lissafi kuma mamba a ƙungiyar su Huxley, ya kawo misalin mai jirgin ruwa. Jirgin ya tsufa, mai shi yana zargin yana da matsala, amma gyara zai ci kuɗi. Sai ya lallashi zuciyarsa har ya gamsu cewa lafiya lau ne, ya cika shi da fasinjoji. Jirgin ya nutse. Clifford ya ce mutumin yana da laifi duk da cewa da gaske ya gaskata, domin bai sami gaskatawar ta hanyar bincike ba. Ko da jirgin ya isa lafiya, laifin yana nan. Darasinsa shi ne kuskure ne a gaskata abu ba tare da isasshiyar hujja ba.

A 1896 masanin halayyar ɗan Adam na Amurka William James ya mayar da martani. Ya ce akwai tambayoyin da ba sa jira. Wanda ya ce zai dakata da neman aure har sai ya sami tabbacin cewa auren zai yi daɗi, ya riga ya zaɓi zama gwauro. Haka batun imani: wanda ya dakata yana jiran hujjar ƙarshe, a aikace yana rayuwa ne irin ta wanda ya ce babu. A ganin James, tsoron yin kuskure bai fi tsoron rasa gaskiya daraja ba.

Tun a ƙarni na 17 Bafaranshe Blaise Pascal ya faɗi makamancin haka, cewa mutum ya riga ya shiga jirgin rayuwa, kuma mutuwa ba za ta jira ya gama shawara ba.

Suka daga hagu da dama

Mai tsayawa a tsakiya yakan sha duka daga ɓangarori biyu. Masu imani suna cewa agnostik mai tsauri ya saɓa wa kansa: wanda ya ce babu mai iya sani, ta yaya shi ya san hakan? Wannan ma iƙirarin sani ne babba.

Mulhidai kuma suna ganin raba ƙafa ce. Friedrich Engels, abokin Karl Marx, ya siffanta ra'ayin da zahiranci mai jin kunya, wato mai shi ya bar gaibu a zuci amma yana nauyin faɗa. Richard Dawkins, a littafinsa na 2006, ya ce rashin iya ƙaryata abu ba ya nufin yiwuwarsa da rashin yiwuwarsa sun yi kunnen doki.

Akwai kuma tambayar ɗabi'a: me zai hana wanda bai tabbatar da hisabi ba aikata son ransa? Huxley ya taɓo wannan a wasiƙarsa ga Kingsley. Ya ce a wajen binne Noel limami ya karanta wani nassi mai ma'anar cewa idan matattu ba sa tashi, to a ci a sha kawai. Maganar ta sosa masa rai. Ya tambaya ko rashin ɗansa zai zama dalilin da zai sa ya watsar da mutuntakarsa ya koma rayuwar dabbobi. Abin mamaki, da aka zaɓe shi a hukumar makarantun Landan a 1870, ya goyi bayan a ci gaba da karanta wa yara Baibul saboda tarbiyya da adabin da ke cikinsa.

Su nawa ne a yau?

Cibiyar bincike ta Pew ta bayar da rahoto a Janairun 2024 cewa kashi 28 cikin 100 na manyan Amurkawa ba sa danganta kansu da wani addini. A cikin waɗannan, kashi 20 ne suka kira kansu agnostik, kashi 17 mulhidai, sauran kashi 63 kuma suka ce ba su da wani takamaiman suna. Binciken ya gano akasarin wannan rukuni sun yarda da Ubangiji ko wani iko na sama.

A ƙidayar 2021 a Ingila da Wales, mutum miliyan 22.2, wato kashi 37.2 cikin 100, sun ce ba su da addini. Waɗanda suka rubuta agnostik da hannunsu kimanin 32,000 ne kawai. Alƙaluman suna nuna cewa rashin addini da ilhadi da agnostik ba kwando ɗaya ba ne.

Cikin shugabannin da suka bayyana kansu a haka akwai tsohuwar shugabar Chile Michelle Bachelet da tsohuwar Firaministar New Zealand Jacinda Ardern. Musulmi da yawa sun san Ardern ne da mayafin da ta yafa lokacin da ta je ta'aziyya bayan harin da aka kai masallatai biyu a birnin Christchurch ranar 15 ga Maris 2019, inda aka kashe mutum 51.

Ƙungiyar su Huxley ta watse a 1880 ba tare da wani ya ja wani zuwa ra'ayinsa ba. Shi kuma ya rasu ranar 29 ga Yunin 1895 yana da shekara 70. An binne shi a arewacin Landan, a filin da iyalinsa suka saya lokacin rasuwar Noel. A kan dutsen kabarin an rubuta baitoci uku da matarsa Henrietta ta tsara, wadda ita mai imani ce. Baitocin sun miƙa al'amarin ga nufin Ubangiji, amma ba su yanke hukunci kan ko barcin kabari yana da farkawa ba.